Tabarau mai layi ko marar layi: yadda za ka zaɓi wanda zai yi maka aiki

Yawanci a kan waya abin yake fara bayyana. Saƙo ya shigo, ka ɗaga wayar inda ka saba riƙe ta, sai ka ga rubutun ya cakuɗe. Ka miƙa hannu gaba kaɗan, ya washe. Bayan 'yan watanni ka ƙara girman rubutun. Kafin shekara ta zagayo ka fara kiran yaro ya zura maka zare a allura, ko ya karanto maka lambar da ke jikin kwalin magani. In kana tsakanin shekara 40 da 45, abin da ke faruwa ke nan ga kusan kowa. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan abu garai-garai mai laushi, shi ne wanda yana take rufewa idan an tsufa. Aikinsa shi ne ya dunƙule idan za ka dubi abu na kusa, ya saki idan za ka hangi nesa. Da shekaru suka ja sai ya taurara, ya daina dunƙulewa yadda ya kamata. Ɗigo ko kwalli ba ya dawo masa da laushinsa, gilashi ne yake biyan abin da idon ya gaza.

Wanda yake hangen nesa lafiya lau, matsalarsa ƙarama ce: tabarau na karatu ya ishe shi, ya sa in zai karanta, ya cire in ya gama. Rigimar tana kan wanda yake buƙatar gilashi don nesa kuma yake buƙatar wani don kusa, ko wanda aikinsa bai ba shi damar sawa da cirewa sau hamsin a yini ba. Shi ne za a ajiye wa abu biyu a shago a ce ya zaɓa: mai layi, wanda za ka ji suna kira baifokal, da marar layi, wanda suke kira furogiresib. Mai shago yakan fi tallata na biyun saboda ya fi tsada, mai saye kuma yakan karkata gare shi saboda layin nan na tona asirin shekaru. Duk biyun ba su ne ya kamata su yanke hukunci ba.

Yadda kowanne yake

Mai layi gilashi biyu ne a jiki ɗaya. Sama na nesa ne, a ƙasa kuma akwai wata 'yar taga ta karatu, wadda galibi take da siffar ƙwarya da aka ajiye bakinta sama: miƙaƙƙen layi a sama, zagaye a ƙasa. Faɗin tagar da aka fi yi milimita 28 ne, akwai kuma mai 35 ga wanda yake son fili. Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta ta ga Benjamin Franklin na Amurka, wanda a wata wasiƙa da ya rubuta daga Faransa a 1785 ya bayyana yadda ya sa aka raba gilasansa biyu aka haɗa rabi da rabi a gida ɗaya, don ya riƙa ganin abincin da ke gabansa da fuskokin masu magana da shi ba tare da sauya tabarau ba. Alherin mai layi shi ne duk inda ka duba a sama garau yake daga gefe zuwa gefe, tagar karatu ma haka. Aibinsa biyu ne. Idan ido ya tsallake layin, abin da kake kallo yakan yi ɗan tsalle. Sannan ba shi da komai don tsaka-tsaki, wato abin da ya fi littafi nisa amma bai kai bango ba.

Marar layi ya zo ne don toshe wannan giɓin. Wani injiniya Bafaranshe, Bernard Maitenaz, shi ya ƙirƙiro wanda ya fara karɓuwa a kasuwa, aka fito da shi a 1959 da sunan Varilux. Ƙarfin gilashin yana ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, babu iyaka a tsakani: sama nesa, tsakiya kwamfuta ko kanta, ƙasa karatu. Amma akwai abin da aka biya. Ba a iya sauya ƙarfin gilashi a hankali haka ba tare da an tura murɗewa zuwa gefuna ba, wannan ƙa'idar lissafi ce, kuma babu kamfanin da ya tsallake ta. Masu tsada dai sun fi iya rage ta da kawar da ita gefe. Ka ɗauki wurin da ake gani garau a jikin marar layi kamar kalangu: faɗi a sama, tsukakken ƙugu a tsakiya, ɗan faɗi a ƙasa. Abin da ya faɗa gefen ƙugun nan dishi-dishi za ka gan shi, in ka juya kai da sauri kuma ka ji kamar ƙasa na lilo. Riƙe hoton kalangun nan, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya.

Mataki na farko: a gwada idon, ba a gwada tabarau ba

Kada ka fara da shago, fara da likitan ido. Dalilin ya wuce neman lamba. Shekarun da karatu yake fara wuya su ne shekarun da hawan jinin ido yake fara ɓarna, kuma shi ba ya ciwo, ba ya sanarwa, yana cin gani daga gefe har sai ya yi nisa. Ya kuma fi yawa a tsakanin baƙar fata. Don haka ka nemi a auna maka ƙarfin ruwan ido, a leƙa bayan idon. Manyan asibitocin ido irin su Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano suna yin wannan, haka ma sashen ido na asibitocin koyarwa da na gwamnatin jiha.

Mai ciwon suga ya kula da abu ɗaya: idan suga ya hau ko yana hawa da sauka, lambar ido tana sauyawa tare da shi. Gilashin da aka auna a ranar da suga ya yi sama zai iya zama banza bayan mako uku. A bari ya daidaita tukuna. Wanda aka yi wa aikin yanar ido shi ma ya jira makonnin da likita ya ɗibar masa, galibi huɗu zuwa shida, kafin ya kashe kuɗi a kan gilashi mai tsada.

Ka tafi da abin da kake karantawa a zahiri. In Alƙur'aninka mai ƙananan rubutu ne, tafi da shi. In tela ne kai, sa allura da zare a aljihu. Katin da suke miƙo maka a ɗakin gwaji ana riƙe shi ne a nisan santimita 40, kai kuwa wataƙila ba a nan kake aiki ba.

Mataki na biyu: ka karɓi takardarka ka karanta ta

Haƙƙinka ne a ba ka takardar awo, ko da ba a nan za ka sayi gilashin ba. Za ka ga layi biyu, na idon dama da na hagu, an rubuta R da L, ko OD da OS. SPH shi ne ƙarfin gilashin nesa, da alamar tarawa ko ta ɗebewa a gabansa. CYL da AXIS na wanda gaban idonsa bai zagaye daidai ba ne, ba kowa ke da su ba. Wanda ya shafi zancenmu shi ne ADD, ƙarin ƙarfin da za a ɗora don karatu. Yakan fara daga wajen +1.00 a farkon shekaru arba'in, ya riƙa hawa har ya tsaya a kusan +2.50 wajen shekara 60.

Ga ɗan lissafin da zai taimake ka. Raba 100 da lambar ADD ɗinka. Abin da ya fito shi ne iyakar nisan da tagar karatu za ta nuna maka garau, a santimita. Mai +1.00, tagarsa tana kaiwa har mita ɗaya, don haka ko da mai layi ya sa, zai ga littafi, ya ga kwamfuta, ya ga kayan da ke kan kanta. Mai +2.50 kuwa tagarsa ta tsaya a santimita 40. Daga nan zuwa mita ɗaya ko fiye, saman gilashin ba ya yi, ƙasansa ma ba ya yi: taga ta yi ƙarfi da yawa, sama kuma ba ta da ƙarfin da zai isa. Shi ya sa za ka ga dattijo a ofis ya ɗage haɓa sama yana leƙen kwamfuta ta ƙasan tabarau, ya miƙo wuya gaba, da yamma ya koma gida yana neman man zafi.

Sai dai lambar tana cizo ta ɗaya ɓangaren ma. Gwargwadon girman ADD, gwargwadon tsukewar ƙugun kalangu da ƙaruwar murɗewar gefe. Wanda ya fara marar layi yana da +1.00 ko +1.25 kusan ba ya jin komai, kuma yana girma tare da shi. Wanda ya shekara ashirin da mai layi sannan ya sauya yana da +2.50, shi ne yake shan wuya. In kana da niyyar sa marar layi wata rana, farkon abin shi ne lokacin da ya fi sauƙi.

Ka kuma duba bambancin idanun biyu. In SPH na dama ya yi wa na hagu rata mai yawa, kamar 2.00 ko fiye, gaya wa likita ya duba maka wannan musamman, don idan ka sunkuyar da ido zuwa ƙasan gilashin hoton ido ɗaya yakan hau sama da na ɗayan, ka riƙa ganin layi biyu. Irin wannan mutum sau da yawa tabarau biyu daban-daban sun fi masa.

Mataki na uku: ka auna yininka

Wannan matakin a gida ake yin sa, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ari tef ɗin awo na tela. Zauna yadda kake zama a wurin aiki, wani ya auna daga idonka zuwa abubuwa uku ko huɗu da ka fi kallo: waya, littafin lissafi, allon kwamfuta, bakin allurar keke, rehal ɗin da kake ɗora Alƙur'ani, allon motar da ke nuna gudu. Rubuta nisan kowanne, ka kiyasta awa nawa kake yi a kansa. Waya da littafi sukan faɗa tsakanin santimita 35 da 40, kwamfuta tsakanin 50 da 70. Sannan ka tambayi kanka abu biyu: a cikin aikin nan, idona yana yawo gefe da gefe ne ko waje ɗaya yake kallo? Kuma yaya tafiyata take, a ofis mai shimfiɗaɗɗen daɓe nake yini ko ina tsallake kwata da hawa bene?

Da wannan takardar a hannu, zaɓin yakan fito da kansa.

Malamin makaranta da ke duban littafi, ya ɗago ya dubi allo, ya hangi yaran layin baya. Ma'aikacin banki ko mai POS da ke tsakanin na'ura, waya da fuskar abokin ciniki. Mai kanti da ke karanta farashi a kan kanta daga nisan hannu: waɗannan duk marar layi aka yi dominsu, saboda idonsu yana tsalle tsakanin nisa uku ko huɗu a minti ɗaya.

Wanda yake zama ya yi karatu mai tsawo a shafi mai faɗi, kamar mai tilawa, alƙali ko lauya mai bin takardu, ko mai duba jarrabawa, ya fi samun natsuwa da mai layi, musamman mai taga 35. Ido yana bin layin rubutu daga farko zuwa ƙarshe ba tare da kai ya motsa ba. Da marar layi sai ka riƙa bin rubutun da kai kamar mai cewa a'a. Mai ɗinkin hula da mai gyaran waya ko agogo, waɗanda suke aiki kusa ƙwarai na awanni, su kam ma gara su yi tabarau na kusa zalla don aikin, su ajiye wani na yawo.

Tela yana tsakiya. Allurar keke ta fi littafi nisa, teburin yanka ya fi keken nisa, zura zare kuma ya fi duka kusa. Wani tela maƙwabcina ya yi marar layi ya kasa yanka da shi, don idan ya shimfiɗa shadda yana bin layin alli da gefen ido sai ya ga layin ya lanƙwashe. Da aka yi masa mai layi, aka rage ADD ɗin kaɗan ya dace da nisan kekensa, aka ɗaga tagar sama, shi ke nan ya huta. Ana iya yin haka: mai layi ba dole sai nesa da karatu ba, ana iya yin sama don nisan hannu, ƙasa don kusa. Akwai kuma marar layi na ofis, wanda aka faɗaɗa tsakiyarsa da ƙasansa aka sadaukar da nesa. Yana da daɗi ga mai yini a kwamfuta, amma ba a tuƙi da shi.

Direba fa? Marar layi yana nuna masa hanya da allon mota duka, amma madubin gefe sai ya juya kai sosai, don gefen gilashin ba abin dogaro ba ne. Mai layi yana ba shi hanya garau daga gefe zuwa gefe, allon mota kuma ya ɗan yi hazo in ADD ya yi girma. Ɗan adaidaita ko mai babur da ke kutsawa cikin cunkoso yana rayuwa ne da gefen ido, don haka ni da za a tambaye ni, na nesa zalla zan ce ya sa a kan hanya.

Sai tsofaffi, kuma a nan ba na sassautawa. Dukkan nau'in biyu suna sa ƙasan da ke gaban ƙafa ya yi dishi-dishi, saboda ta wurin karatu kake kallonsa. Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2002 ya gano cewa tsofaffin da ke sa irin waɗannan gilasai masu haɗe da na karatu sun ninka waɗanda ba sa sawa yawan faɗuwa, musamman a waje da kan matakala. Idan kana yi wa Baba ko Hajiya tabarau, kuma suna fita masallaci da asuba ko suna bin lungu mai kwata da duwatsu, a yi musu na nesa zalla don fita. Wanda ya shekara da shekaru da mai layi yana jin daɗinsa, kada 'ya'ya su sauya masa da marar layi don kawai an samu kuɗi. Mai yawan jiri ko hajijiya, ko wanda mota take sa shi amai, shi ma ya yi hattara da marar layi.

Batun kuɗi gajere ne. Marar layi ya fi tsada, kuma a cikinsa akwai hawa-hawa. Na ƙasa-ƙasa ƙugunsa ya fi tsukewa. In abin da ke aljihunka bai wuce marar layi mafi araha ba, a shagon da ba su da mai awo na ƙwarai, ɗauki mai layi ka yi gaba. Ka tuna kuma lambar za ta sauya, bayan shekara biyu ko uku za ka sake biya.

Mataki na huɗu: firam da awo

Da yawa daga cikin waɗanda suka ce marar layi bai karɓe su ba, awo ne ya cuce su. Mai layi yana yafe kuskuren milimita ɗaya ko biyu. Marar layi ba ya yafewa, domin ƙugun kalangun 'yan milimitoci ne, in bai faɗa daidai gaban ido ba, ta gefe za ka yi ta kallo har ka gaji ka jefa shi a durowa.

Fara da firam. Zaɓi mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, aƙalla wajen milimita 30, don a samu wurin da nesa, tsakiya da kusa za su zauna. Siririn firam na gayu yakan yanke wurin karatu. Akwai marar layi mai gajeriyar hanya da aka yi don ƙananan firam, amma tsakiyarsa ta fi matsewa. Firam mai 'yan ƙafafun da ke zama a karan hanci ya fi, saboda ana iya ɗaga shi ko sauke shi bayan an gama. Na roba zalla in bai dace da hancinka ba zai yi ta zamewa, kuma yawancinmu karan hancinmu ba shi da tudun da zai riƙe shi, ga gumi. Guji mai lanƙwasa sosai irin na masu babur. Hajiya ta gwada firam ɗin da ɗaurin ɗankwali ko hijabin da ta saba sawa, domin yana sauya yadda hannuwan tabarau suke zama a kunne. Haka mai naɗa rawani.

Kafin a auna komai, a gyara firam ɗin a fuskarka: ya zauna daidai ba karkace ba, kusa da ido ba tare da gashin ido yana shafarsa ba, ƙasansa ya ɗan karkato wajen kumatu. Sai awo biyu. Na farko shi ne PD, nisan da ke tsakanin ɗigon baƙin idanu. Ga marar layi a auna kowane ido daban daga tsakiyar hanci, lamba biyu za ka gani, kamar 32 da 33, saboda fuskar mutum ba ta rabu biyu daidai ba. Na biyu tsayi ne. Mai awo ya zauna ko ya tsaya daidai tsayinka, kai kuma ka dubi nesa da zaman kanka na kullum, kada ka ƙame kamar mai ɗaukar hoton fasfo, sannan ya ɗiga alama da alƙalami a kan gilashin gwaji. Ga marar layi alamar tana tsakiyar ɗigon baƙin ido. Ga mai layi, layin yana zama daidai bakin fatar ido ta ƙasa. Mai yawan tafiya a sauke masa kaɗan, mai yawan karatu a ɗaga masa kaɗan. Ido ba mudu ba ne ya san kima, haka ne, amma ba a nan ba. Shagon da aka kalle ka kawai aka ce ka dawo jibi, ba alama ba ma'auni, karɓi takardarka ka fita. Saboda wannan dalilin ne ma sayen marar layi ta intanet, ko wanda aka riga aka haɗa ana sayarwa a tire a bakin kasuwa, yake zama caca: na tire ƙarfi ɗaya ne a ido biyu, dukkansu kuma ba a kan fuskarka aka auna su ba.

Za a yi maka tayin ƙare-ƙare. Shafin da ke hana ƙyalli yana da amfani, musamman ga mai tuƙin dare. Mai sauya launi a rana yana taimakawa a irin ranarmu, amma ka sani ba ya yin duhu sosai a cikin mota, don gilashin motar yana tare hasken da ke sa shi sauyawa. Siririn gilashi mai lamba 1.60 ko 1.67 na masu babban SPH ne. In naka ƙarami ne, kuɗinka kawai za ka ƙara. Tambayar da ta fi waɗannan duka ita ce: in na sa na kasa sabawa, za ku sake awo ko ku mayar mini da shi mai layi, kuma cikin kwana nawa? A rubuta amsar a jikin rasit.

Mataki na biyar: ranar karɓa

Kada ka aiki yaro. Marar layi yakan zo da zanen tawada a jikinsa daga masana'anta. Roƙi kada a goge sai ka sa, a ga ɗan giciyen ya faɗa daidai kan ɗigon idonka. Ko an goge, akwai wasu 'yan alamomi biyu da aka sassaƙa a jikin gilashin, milimita 34 tsakaninsu, waɗanda ake gani in an ɗaga shi ga haske. Kusa da ta wajen kunne an rubuta ADD ɗin, misali 20 ko 200 na nufin +2.00. Da su ake sake gano inda aka ɗora gilashin in an samu matsala.

Gwada shi a nan take. Dubi wani rubutu a tsallaken titi, ido ɗaya bayan ɗaya. Ciro waya ka karanta, kai a miƙe, idanu kawai ka saukar. Miƙa hannu ka dubi agogo ko tafin hannunka. Tashi ka zagaya shagon, in akwai dakali ko matakala ka hau ka sauka. Ɗan baƙunta ba komai ba ne. Amma in nesa ba ta fita garau da kai a miƙe, kada ka karɓa.

Mataki na shida: mako biyu na farko

Fara sawa da safe, a gida, ka ɓoye tsohon tabarau, don sauyawa tsakanin biyun shi ke hana ƙwaƙwalwa sabawa. Dokar marar layi ɗaya ce: nuna abin da kake son gani da hancinka. Juya kai, kada ka harari abu ta gefe, sannan ka ɗaga ko ka sauke haɓa kaɗan har ya washe. A matakala da bakin kwata, da kowane irin gilashi, sunkuyar da kai gaba ɗaya ka dubi ƙafarka ta saman gilashin. A sallah ma za ka lura wurin sujada ya yi hazo in ka saukar da ido kawai. Sauke haɓa kaɗan. Kada ka yi tuƙi da sabon marar layi sai ka yi 'yan kwanaki kana yawo da shi a ƙasa ba tare da jin lilo ba.

Yawancin mutane suna sabawa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu. In ya wuce haka, kada ka yarda da "ci gaba da sawa, za ka saba". Lura da abin da jikinka yake yi, shi zai gaya wa mai gyara inda kuskuren yake. In sai ka ɗage haɓa sosai ko ka tura tabarau sama da yatsa kafin ka karanta, an ɗora shi ƙasa da yawa. In sai ka sunkuyar da kai kafin ka ga nesa, ko kana jan shi zuwa ƙarshen hanci, an ɗora shi sama da yawa. In rubutu ya fi fita idan ka karkatar da kai dama ko hagu, ko ido ɗaya yana gani a wurin da ɗayan ba ya gani, PD ne bai yi daidai ba. In kuwa sai ka kawo waya dab da hanci, ADD ya yi yawa. In har yanzu kana miƙa hannu, ya yi kaɗan. Biyun farko sau da yawa a minti biyar ake gyara su ta hanyar matse ko buɗe ƙafafun hanci. Sauran sai an sake yanka gilashi, kuma nan ne rubutun da ke jikin rasit zai yi maka rana.

Da hunturu, ƙurar da ke sauka a kan gilashi yashi ce, in ka goge ta a bushe da bakin riga ko gefen mayafi kana kankare shi ne. Zuba ruwa tukuna, ɗan sabulun wanke kwano, sannan ƙyalle mai laushi. Kada ka bar shi a gaban mota cikin rana ko kusa da murhu, zafi yana tsattsaga shafin da ke jikinsa. Cire shi da hannu biyu, kada ka ɗora shi a kan hula ko goshi, don firam ɗin da ya buɗe yana saukar da gilashin daga inda aka auna shi. In ka ga karatu ya fara wuya bayan 'yan watanni alhali da farko lafiya lau, kafin ka zargi idonka, kai firam ɗin a sake daidaita maka shi.